Kayan Aro a Ɗakin Mai Hoto

Laifin da ke cikin wannan labari ba sata ba ne, ba kuma zalunci ba ne, shi ya sa mutane ba sa tsoronsa. Laifin shi ne mutum ya ɓoye halin da yake ciki ga wanda aka aiko ya taimake shi, sannan ya kira ɓoyon da sunan mutunci. Akwai gidan da wuta ta ci, akwai wanda ruwa ya ci. Wannan kuwa maigidan ne ya rushe shi da hannunsa, da rana tsaka, yana murmushi, sanye da rigarsa mafi kyau.

Mai Hoto ake ce masa. Shekara talatin yana da shago a bakin kasuwa. A cikin shagon akwai labule mai zanen bene da tukunyar fure, akwai kwat guda biyu na aro, da agogon hannu wanda bai taɓa tafiya ba, da wayar tebur da ba a haɗa ta da komai ba. Lebura zai shigo da ƙura har gira, cikin minti goma Mai Hoto ya mayar da shi manajan banki. "Ɗaga haɓa kaɗan. Ɗora hannu a kan wayar. Kada ka yi numfashi." Hoton ya tafi ƙauye, iyaye su rataye a bango su ce ɗansu ya samu duniya. Aikinsa ke nan, kuma ya iya shi.

Sai kowa ya samu waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Ya rage masa hoton fasfo. Daga baya ofisoshi suka koma ɗaukar nasu da kansu. Wata safiya ya naɗe labulensa da kafet, ya mayar da makullin shago ofishin kasuwa, ya gaya wa maƙwabta wai gyara za a yi.

Gidan da yake haya bene ne mai ƙofa goma sha biyu, famfo ɗaya a tsakar gida. Nasa ɗaki biyu ne a ƙarshen baranda ta sama. A ciki akwai shi da matarsa, da 'ya'yansa mata biyu, babbar tana ajin ƙarshe a sakandare, da kuma mahaifiyarsa, Inna, mai ciwon suga da wani miki a ƙafar hagu da ya ƙi warkewa. Tsohon mai gidan abokinsa ne, yana yi masa haƙuri. Da ya rasu, ɗansa ya gaji benen, shi kuma bai gaji haƙurin ba. Ya yi magana sau biyu, na uku ya kai takarda kotu.

To, a ƙaramar hukumarsu akwai sashen gidaje, ɗaki ɗaya a hawa na biyu, tebur uku da fanka mai kuka. Shekara da shekaru aikinsu shi ne su jira sai an watso wa mutum kaya waje, sannan su rubuta sunansa. Daga baya wasu masu hankali suka ce wannan ba taimako ba ne, a riƙa gano mutum tun ƙofa ba ta rufe a bayansa ba. Aka kawo kwamfuta, aka haɗa ta da makarantu da asibiti da kamfanin lantarki da ofishin kasuwa da kotu. Kowa ya zuba mata ɗan abin da ya sani.

Makaranta ta ce babbar yarinyar ta yi fashin kwana goma sha tara. Asibiti ya ce tsohuwa ta tsallake ranar ganin likita sau uku. Kamfanin lantarki ya ce mitar ɗakin ta yi wata biyu ba a sa mata kati ba. Kasuwa ta ce ya mayar da makulli. Kotu ta ce ga takardar mai gida. Kowanne shi kaɗai ba wani abu ba ne. Da aka haɗa su wuri ɗaya, sai kwamfuta ta sa sunansa a ja, na uku daga sama.

Wanda sunansa ya fito a ja, hukuma tana ba shi lauya kyauta, tana zaunar da shi da mai gida a nemi sulhu, in kuma abin ya ƙi, ta ba shi ɗaki a gidajenta. A lokacin ɗakuna biyar suka rage, sunayen da ke ja kuwa sun haura talatin. Mutum na uku ba shi da abin fargaba. Abin da ya rage kawai jami'a ta zo ta gani da idonta, ta cike fom, ya sa hannu.

Ranar Litinin takarda ta iso, cewa jami'ar za ta zo Laraba da ƙarfe goma. Matarsa ce ta karanta.

Ta ce, "Baban yara, Allah ya dube mu."

Ya ce, "Allah ya dube mu, ko munafukan gidan nan suka kai sunana?"

"Wa zai kai ka? Ga shi nan an rubuta, na'urarsu ce ta haɗa bayanai."

"Wato yanzu har injin ya san ba mu da wuta. Gobe kuma ya gaya wa maƙwabciyarmu matar direba abin da muka dafa."

"Matar direba ta riga injin sani. Ita ce take ba ni gishiri."

Ya ajiye takardar a kan cinya ya daɗe yana kallonta. Abin da yake gani ba lauya ba ne, ba ɗaki ba ne. Motar hukuma yake gani mai tambari a ƙofa, ta tsaya a bakin benen, sauran ƙofa goma sha ɗaya sun buɗe, kowa ya leƙo. Yana ganin baƙuwa tana zaune a kan tabarmar da ta tsage, tana rubuta cewa Mai Hoto ba shi da kujera.

Ya ce, "Baƙuwa ba za ta shigo ɗakina ta same shi haka ba."

Matar ta ce, "Ai don ta same shi haka za ta zo."

Ranar Talata tun da safe ya sauka ƙasa wurin mai gyaran firji, wanda 'yan gidan ke kira Injiniya. Ya zaga cikin tarkacen shagon ya ɗora hannu a kan wani dogon firji fari mai ƙofa biyu.

Injiniya ya ce, "Wannan ba inji a cikinsa, Mai Hoto. Akwati ne kawai. Ɓeraye ma sun taɓa haihuwa a ciki."

"Wa ya ce maka sanyi nake nema? Tsayuwa zai yi, kwana ɗaya."

"Surukai ne za su zo?"

"Kusan haka."

"To a gaya musu kada su buɗe, in ba haka ba auren ya mutu."

Su huɗu suka hau da shi bene suna nishi. Daga wurin kafinta ya aro kujerun kushin uku da mai su bai zo ɗauka ba. Daga wurin direba ya aro talabijin, ya kuma roƙe shi ya jawo waya ta taga don kwan fitila da fanka su yi aiki. Ya shimfiɗa tsohon kafet na shago, ya juya inda ya ƙone ya shige ƙarƙashin kujera. Ya tara gwangwanayen madara da kwalayen shayi da babu komai a ciki, ya goge su, ya jera a kan kanta, rubutun yana fuskantar ƙofa. Daga nan ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai. Ya dawo ya matsar da firjin taki ɗaya. Matarsa ta ce tun da aka rufe shago ba ta ga fuskarsa ta saki kamar ranar ba.

Laraba da safe ya zaunar da Inna kusa da taga, inda haske ya fi kyau. Ya ɗauko safa mai kauri ya sa mata a ƙafar mai miki. Tsohuwa ta cije leɓe.

Matar ta ce, "Baban yara, ko ƙafar nan ka bari ta gani."

Ya ce, "Uwata ce ko taki?"

Jami'ar ta iso goma saura kaɗan, kuma ba da mota ba. Ta bar ta can bakin titi ta tako da ƙafa, ba tambari ba komai, kamar wadda ta zo gaida 'yar'uwa. Haka take yi kullum don kada ta tara wa mutane ido. Mace ce da ta manyanta, takalminta ya sha tafiya, tana riƙe da 'yar kwamfutar hannu a cikin jaka. Ta yi sallama, ta gaida Inna har ƙasa, ta zauna a kan kushin. Idonta ya bi ɗakin sau ɗaya, ya tsaya a kan ledar da ba a gama cirewa ba a ƙafar kujerar.

Ta ce, "Baba, ba bincike na zo ba. Na zo ne kafin abu ya lalace. An ce ka bar shago."

"Na bar shi da kaina, Malama. Yanzu aikin taro nake yi, kirana ake yi. Ya fi zaman shago nesa ba kusa ba."

"Mitarku ta yi wata biyu ba kati."

Ya nuna fanka tana juyawa. "Mitar ce ta lalace. Kin ga dai ba a duhu muke ba."

"Yarinya ta yi fashin makaranta."

"Zazzaɓi ne. Ta warke."

"Kaka ba ta je asibiti ba sau uku."

"Layin asibitinku ya yi mata yawa. Likita na samo mata na kuɗi."

"Takardar kotu fa?"

Ya yi dariya, irin dariyar manya. "Yaro ne, jininsa yana tafasa. Ubansa abokina ne. Mun riga mun zauna, magana ta wuce."

Jami'ar ta ajiye kwamfutar a kan cinya. Ta ce, "Ko za a taimaka min da ruwa mai sanyi?" Tana faɗa tana kallon firjin.

Matar ta miƙe tsaye, ta rasa inda za ta nufa.

Ya ce, "Yau aka wanke shi, bai kama sanyi ba tukuna. Kawo mata na randa, ya fi lafiya."

Ta karɓa ta sha, ta gode. Sannan ta matso gaba, ta rage murya.

"Baba, bari in gaya maka yadda abin nan yake aiki, don kada gobe ka ce ban faɗa ba. Fom ɗin nan tambaya yake yi, akwai ko babu. Akwai wuta? Akwai firji? Akwai aiki? An sasanta da mai gida? Ba shi da gurbin abin da zuciyata take gaya min. In na cike yadda ka faɗa, ka sa hannu, sunanka zai sauka daga ja. Fayil zai rufe wata shida. Lauya ya tafi, ɗaki ya tafi. Na shiga gidaje sun fi ɗari, ba abin da zan gani a nan da ban gani ba, kuma ba ya wuce ni. Ka gaya min gaskiya sau ɗaya, sauran aikina ne."

Ya gyara zama ya ce, "Malama, na gode da kulawa. Amma akwai mabuƙata a garin nan. Ku kai musu."

Ta juya wurin tsohuwa. "Kaka, yaya ƙafa?"

Inna ta ja zane ta rufe safar. Ita ta haife shi, ita ta koya masa ɓoye hali. Ta ce, "Ƙafa lafiya, 'yar nan. Ɗana yana kula da ni."

Ta juya wurin matar. "Yaya, ke fa? Akwai abin da kike so ki ƙara?"

Matar ta dubi kofin da ke hannunta. Ta dubi mijinta. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban baƙo ba. Ta ce, "Yadda maigida ya faɗa."

Jami'ar ta cike fom. Ta miƙa masa, ya sa hannu da yatsa a kan gilashin, dogon sa hannu mai wutsiya. A ƙasan fom akwai ɗan fili na ƙarin bayani, ta rubuta cewa tana shakka, a sake dubawa. Kwamfuta ba ta karanta wannan filin. Akwai da babu take ƙirgawa. Kafin jami'ar ta kai bakin titi sunan ya koma kore.

Da la'asar aka sauko da firjin. Injiniya ya ce, "Yaya surukai?" Mai Hoto ya ce sun tafi suna yabo.

Bayan mako biyu sammacin kotu ya zo da ranar zama. Matar ta yafa mayafi ta ce za ta je dubiya, ta hau hawa na biyu na ƙaramar hukuma. Ta zauna gaban jami'ar ta faɗi komai, har safar.

Jami'ar ta ce, "Na sani, Yaya. Tun daga ledar kujera na sani. Amma sunansa ne a takardar haya, hannunsa ne a fom. Shi kaɗai zai iya buɗe fayil ɗin. Ya zo ya rubuta layi biyu, cewa bayanin da ya ba da ba daidai ba ne. Ɗaki uku sun rage. Ki kawo min shi gobe, ko da jan riga ne."

Ta koma gida ta gaya masa. Ya tashi tsaye.

"Wato kin je kin tuɓe ni a ofis."

"Na je in nema wa 'ya'yanka inda za su kwana."

"In je in rubuta da hannuna cewa ni maƙaryaci ne? A ajiye a injin, jikokina su zo su karanta?"

"Jikokin a ina za a haife su, a bakin titi?"

Inna daga kan gado ta ce, "Ki bar shi, namiji ne, ya san abin da yake yi."

Ya ce zai je, amma sai ya ga yaron nan tukuna. Ya je gidan mai benen sau uku, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali motarsa tana ciki. Ya ce zai je ofis bayan an yi wani taro da aka yi masa alkawarin ɗaukar hoto. Taron ya zo, suka ɗauka da wayoyinsu. Mako bakwai ya yi yana cewa gobe.

Ranar kotu ya sa ɗaya daga kwat ɗin shago ya tafi shi kaɗai. Mai benen ya zo da lauya. Aka tambayi Mai Hoto ko yana da abin cewa, ya fara ba da labarin abotarsa da marigayi. Alƙali ya saurara kaɗan, ya duba agogo, ya ba shi kwana talatin ya kwashe kayansa.

A ranar ce ya hau hawa na biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa har jami'ar ta ɗago kai.

Ya ce, "Malama, na zo in rubuta layi biyun."

Ta ba shi kujera. Ta ba shi takarda da biro, ya rubuta, ta karɓa ta shigar. Sannan ta juyo masa da fuskar kwamfutar don ya gani da kansa.

"Baba, lauyanmu kafin hukunci yake shiga, bayan hukunci ba shi da ƙofa. Ɗakunan kuma sun ƙare tun kwana tara da suka wuce."

"Duka biyar?"

"Duka. Na ƙarshen, wata mai wanki aka ba, da 'ya'ya huɗu. Ita ta goma sha ɗaya ce a jeri. Da na je gidanta ban ma zauna ba, sai ta buɗe min tukunya ta ce in leƙa."

Can ya ce, "To yanzu ina sunana yake?"

"Ya bar jerin waɗanda ake tarewa kafin su faɗi. Ya koma jerin waɗanda suka riga suka rasa." Ta nuna masa da bakin biro. "Kai ne na ɗari huɗu da sittin da biyu."

"Mutum nawa ake ba a shekara?"

"Bara an ba ashirin."

Ya miƙe, ya gyara kwat, ya yi mata godiya kamar yadda ake yi. Ta raka shi har bakin matakala, ta ce a kai tsohuwa asibiti yau, kada a jira gobe. Ba ta da abin da ya wuce wannan.

Kwana talatin suka cika ranar wata Asabar. Ma'aikatan kotu suka zo da hantsi, lokacin da matan gidan ke layi a famfo. Ba a ɗau rabin awa ba aka gama fitar da kayan, don ba su da yawa: katifa biyu, tabarma, akwatin ƙarfe, tukwane, randa, buhun tufafi. Aka sauko da Inna a kan kujerar roba, mutum biyu suna riƙe da ita, ƙafar a naɗe da tsumma, warin yana gaba. Ƙofa goma sha ɗayan nan duk suka buɗe. Ba wanda ya yi dariya. Matar direba ta kawo wa yaran ruwa, Injiniya ya tafi neman mai kura da kansa.

Ga abin da Mai Hoto ya rasa. Ɗaki biyu da ya zauna a ciki shekara goma sha tara. Ɗakin hukuma da ya riga ya zama nasa in ban da sa hannu. Ƙafar Inna ta hagu, wadda likitoci suka yanke daga gwiwa a watan da ya biyo, kuma yanzu tana kwance a gidan mijin ƙanwarsa, inda sai ya nemi izini kafin ya shiga gaishe ta. Jarrabawar babbar 'yarsa, don an yi ta suna tsakiyar ƙaura, ba ta zauna ba, ba ta kuma koma ba. Matarsa da yaran biyu, waɗanda ke ɗaki ɗaya a gidan yayanta a wani gari, tana amsa wayarsa in ya kira, ita ba ta kira. Kyamararsa, wadda ya sayar ya biya mai motar da ta kai su. Shi kansa yana kwana a bayan shagon Injiniya a kan kwali, ya tashi kafin a buɗe ya share ƙofa. Bana lambarsa ta sauko zuwa ɗari huɗu da arba'in da ɗaya.